Shayin da Yaya Bai Koya Mini Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana kuma abokin sana'ata a shagonmu na gyaran kujeru, bayan ya yi jinya a asibiti. Tun daga ranar mutane ke tururuwa, kowa na cewa ya yi rashi. Ina amsa gaisuwarsu, amma a raina cewa nake: ku mai ba ku shayi kuka rasa, ni kuwa yaya na rasa.

Yaya, kowa a layinmu ya san in an idar da la'asar, ko kujerar wa ce kwance a gabanka, cikinta a buɗe, soso a waje, sai ka ajiye guduma, ka furzar da ƙusoshin bakinka a tafin hannu, ka ɗora buta. Ba ka tafasa ganye a kan wuta. Ruwa kawai ke tafasa, ka sauke, ka zuba ganye, ka lulluɓe butar da wani guntun yadi da ya rage daga aiki, sannan a jira. A cikin jiran nan babu maganar aiki, babu kawo ƙara. Ka kan ce, "Ku bari ganye ya kwanta, ku ma ku kwanta."

Na ga abin da jiran nan ya yi wa mutane. Wata baiwar Allah ta taɓa shigo mana tana kumfar baki saboda mun saɓa mata alkawari, ka miƙa mata kofi, kafin ta shanye ta koma ba ka labarin ciwon ƙafar mahaifiyarta. Direban nan da ya yi haɗari, hannunsa ya riƙa rawa har ya kasa komawa mota, kullum sai ka zaunar da shi, ka tallafe masa kofi, har ranar da ya riƙe da kansa. Yana nan yana tuƙi, kuma da shi aka ɗauki makararka.

Ni dai natsuwar nan taka ta daɗe tana ci mini rai. Ciki ɗaya muka fito, amma kai kamar randa, ni kamar tukunya a kan wuta. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne Dogo mai gyaran agogo. Ba dangin iya, ba na baba, ya kama shago kusa da namu, kafin a ce kwabo ya zama na hannun damanka. Ku zauna ba ku ce uffan ba, sai in ga kun yi murmushi lokaci guda, ni ina gefe kamar baƙo. Shi ka koya wa haɗin, ka nuna masa yawan ganye da tsawon jira. Ni in na kai hannu kan butar sai ka ce, "Zauna, auta, a kawo maka." Auta, da furfurata! Wallahi na yi kishin Dogo, kuma ban daina ba. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat: tsakanina da shi, wa ya fi kusa da zuciyarka?

Da ciwo ya tsananta, ka daina cin komai, sai ka ce shayi kake marmari. Na ce yau dai ranata ce. Na garzaya gida, na antaya ganye a ruwa yana tafasa, na yi ta juya shi da cokali don ya yi saurin fita, na kawo maka a filas. Ka shinshina, ka kurɓa kaɗan, ka dube ni da murmushi ka ce, "Ka tsorata shi, auta." Ka ajiye. Da yamma Dogo ya shigo da nasa, ka shanye tas, ka yi barcin da ka daɗe ba ka yi ba. Iyalinka na ta sa masa albarka. Ni fita na yi, na tsaya a bakin baranda, don kada a ga idona. Shayin Dogo ne abu na ƙarshe da ya shiga cikinka, kuma ba daga hannuna ya fito ba.

Da aka tashi zaman makoki na buɗe shago. La'asar na yi sai ga mutanenka sun zo sun zauna, suna kallon butar, ni ma ina kallonta. Dogo ne ya tashi ya ɗora. Da ya miƙo mini kofi na kasa daurewa, na ce masa, "Kai dai ka dace, kai ya zaɓa ya koya wa."

Ya zuba nasa a kofi. Can ya ce, "Ni ba ni da kowa, shi ya sa ya koya mini in riƙa yi wa kaina. Na taɓa tambayarsa me ya hana ya koya maka. Cewa ya yi, in auta ya iya, me zai riƙa zaunar da shi kusa da ni?"

Ko gaskiya ya faɗa, ko lallashina yake yi, Allah ne masani, kai kuma ba ka nan balle in tambaye ka. Na dai shanye shayin, kuma abin haushin, ya yi daɗi.

Ya Allah ka jiƙan yayana, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya zukatan bayinka. Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa da 'yar'uwarmu, da duk waɗanda suka saba zama a ƙofar shagon nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Dogo ma ina yi masa ta'aziyya da zuciya ɗaya. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba shi tsawon rai, ya daɗe ƙwarai a duniya, don in riga shi isowa wurinka, Yaya. Amin.