Kawu, Wanda Ya Koyi Gashin Biskit da Furfura

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, ƙanina ya kira ni ya ce, “Yaya, Kawu ya rasu.” Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu, kai ne yayan mahaifiyarmu, kai ka riƙe mu bayan rasuwarta. Na zauna in rubuta maka ta'aziyya da hawaye, amma duk abin da na tuna sai in ji dariya tana neman ƙwace mini. Na san ba za ka ga laifina ba.

Har ka yi ritaya daga gidan waya ba ka taɓa dafa ko ruwan shayi ba. Inna, matarka, takan ce in ka shiga kicin to hanya ka ɓata. Abin da ya sauya ka shi ne 'yata, wadda kake kira Mutuniyar. Tana ƙarama likita ya gano jikinta ba ya karɓar ƙwai. Ko kaɗan ta ci, fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe, sai asibiti. Wata rana ta dawo daga makaranta ta same ka a falonmu, ta ce an raba biskit a ajinsu, malama ta tsallake ta, ta ba ta lemo. Ba ta yi kuka ba, faɗa kawai ta yi tana cire takalmi. Kai kuwa sai ka ce, “Mutuniyar, ni zan yi miki naki.”

Da ka koma gida ka faɗa mata, Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. “Kai? Ka san inda fulawa take a gidan nan?”

Ba ka sani ba, amma ka tambaya. Ka sa aka buɗe maka intanet a waya, ka maƙala tabarau a kan hanci, ka shiga farautar yadda ake biskit ba ƙwai. A nan ka gane masu koyarwa sun fi gashin kai yawa, kuma kowa cewa yake nasa ne ba ya kuskure. Na farko, na wata mai bidiyo ne da ta rantse minti biyar ya isa. Ya fito kamar dutse. Maƙwabcinku makaniki ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ce, “Baba, ka ba ni sauran in riƙa tare tayar mota.” Na biyu, da ayaba a madadin ƙwai, ya narke ya haɗe ya zama faifai guda. Ka yanka shi da wuƙa ka ce da ma haka ka yi niyya.

Da wani ne da ya haƙura. Kai sai ka fara tuhumar masu rubutun. “Sun ce kofi ɗaya na fulawa,” ka ce mini. “Kofin wa? Nawa na shayi, ko na Innarku da ya kusa bokiti?” Ka sayo ƙaramin sikeli, ka daina kula duk wanda bai faɗi nauyi ba. Ka daina duban hoton, ka koma karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Masu cewa “kai, ya yi kyau” ba ka sauraronsu. Wanda ya ce “na gwada, nawa ya ƙone ta ƙasa” shi ne mutuminka, don a cewarka wanda ya ƙona ya taɓa tanda. Kuma duk kwalin da za ka saya sai ka tsaya a kanti ka karanta bayansa, ko da ƙwai a ɓoye, har masu kantin suka saba suna kawo maka kujera.

Ranar da ka dace, bota ce kawai da sukari da fulawa da ɗan gishiri. Ka kawo shi a gwangwani, ka zauna kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Mutuniyar ta gutsura, ta tauna, ta ce, “Kaka, wannan irin na kowa ne.” Ka cire tabarau kana gogewa, wai hayaƙin tanda ne ya shige maka ido, alhali tandar tana can gidanku. Washegari ta tafi makaranta da gwangwanin, ita ce mai rabo.

Daga nan ƙofarka ta zama ta jama'a. Uwar wani yaro da madara ba ta karɓe shi ba ta zo, amaryar ƙanina ta zo, har malamar da ta ba da lemo ta zo. Ba ka taɓa ba kowa abin da ba ka gwada a tandarka ba. In an matsa maka sai ka ce, “Ba zan aike ki hanyar da ban bi ba.” Kuma ba ka jin kunyar cewa wannan ya gagare ni.

Kwana biyu da rasuwarka, gida cike da masu gaisuwa, Inna ta buɗe firij neman ruwan sanyi, ta ga kwaɓin da ka yi kafin ciwon ajali ya kwantar da kai, an naɗe shi tsaf a leda. Ta daɗe tsaye. Sannan ta kunna tanda da kanta, ta yanka, ta gasa, aka zagaya da faranti. Ta ce wa mutane, “Ku ci, maigidan ne ya yi muku. Bai saba baƙo ya tafi haka ba.” Aka ci ana kuka ana dariya.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka ƙi yarda a tsallake yarinya ɗaya a rabo, kada Allah Ya tsallake ka ranar rabon rahamarSa. Inna, 'ya'yansa da jikokinsa, da makaniki abokin tsokanarsa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.