Rabi ta Cadawa da zaren gawayinta

Yau da safe ina ƙofar lakol ɗin da nake koyarwa a Agiye wayata ta yi ƙara. Ƙanen Rabi ne. Ya ce ta rasu jiya a can Turai inda take aiki, bayan 'yar jinya da ba mu ma ji labarinta ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakta Rabi ƙawata ce tun muna yara a Cadawa. Benci ɗaya muka zauna har lise, wato babbar sakandare. Littafin fizik ɗaya gare mu, kuma nata ne, amma kullum a hannuna yake kwana. Cewa take yi ta riga ta karanta. Sai daga baya na gane a kan hanyar rijiya take nata karatun.

Ni na zama malamar fizik, ita ta wuce bincike.

Zuwanta na ƙarshe da kaka ne, ana ta ɓarar wake a tsakar gidansu. Innarta ta ce, "Ke Rabi, wai mi kike yi can da ya hana ki zaman gida?"

Ta tashi ta ɗauko gawayi daga murhu.

"Inna, dangin wannan gawayin nake dubawa. Kin ga yadda kike naɗe tabarma? Haka yake naɗuwa ya zama ɗan bututu, silin gashi ma ƙato ne a kansa. Ido ba ya ganinsa, sai da wata babbar na'ura mai harba masa ƙwayoyin lantarki. Wani bututun wuta na bi ta cikinsa kamar waya, wani kuma sai ya tare ta. Bambancin daga naɗin ne. Shi nake son ganewa."

Inna ta daɗe tana kallon gawayin, ta ce, "Duk wannan nisa saboda gawayi? Ai da kin faɗa, da na cika maki buhu."

Rabi ta yi dariya har da hawaye.

Da ta rako ni tasha na ce mata na gaji, zan bar koyarwa, tunda ko labo, ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da shi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hadiza, ni ma a kan allo na fara ganin lantarki. Ki daure."

Tun daga nan take turo mani hotunan da take ɗauka da na'urar, ina nuna wa ɗalibaina a waya. Ta yi masu alkawarin ranar Litinin mai zuwa za ta kira ta bidiyo daga labo, su ga na'urar da idonsu. Sati guda ke nan suna shirya tambayoyi.

Na shiga aji yau na kasa gaya masu. Darasi kawai na yi. Gobe dole in faɗa.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya ba Inna haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta cikin addu'a.