Motar da ta sha sifirit

Akwai ranakun da ya kamata a riƙa koya wa yara a tarihin ilimin ƙasar nan, kuma ɗaya daga cikinsu wata Asabar ce a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin, ranar da mota ta hau tudun gindin Dala ba ta yi tari ba. Babu wanda ya rubuta wannan rana. Tun da ni na yi aikin, bari in rubuta da kaina.

Lokacin ina koyar da kimiyya a makarantar midil, ina zaune a Kabara. Wani likita Bature da zai koma gida ya sayar mini da motarsa, 'yar ƙarama mai kujera biyu, ba rufi. A gefen injinta akwai wata na'ura mai tura masa iska da ƙarfi. Bakaniken da ke duba mini ita, tsohon soja ne da ya koyi aikin a bariki, shi ya raɗa wa na'urar zugazugi, kuma har yau ban sami sunan da ya fi wannan ba.

Motar na da aibi guda. Fetur ɗin da muke samu bai kai ƙarfin da zugazugin ke so ba. Da zarar ta kama hawa sai injin ya fara ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na duba littattafai, suka ce a gauraya fetur da sifirit, wato ruwan nan mai launin shuni da ake kunna fitila mai famfo da shi. Na fara zuwa Sabon Gari duk sati ina dawowa da gwangwani biyu a bayan keke.

Malamin boko, Sabon Gari, gwangwani a rufe, ga kuma wari a riga. Unguwarmu ba ta buƙatar darasin lissafi kafin ta haɗa waɗannan.

Ba wanda ya ce mini komai. Sai dai Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya, kullum da magariba ana kai masa tuwo daga gidana. Wata rana akushin ya dawo yadda ya tafi. Washegari ma haka. A rana ta uku maiɗakina ta ajiye shi a gabana, ta buɗe, ta koma ɗaki.

Na je na durƙusa a zaurensa.

"Baffa, ko miyar ce ba ta yi ba?"

"Miya lafiyarta lau. An ce mini kana ajiye barasa a gida."

"Ba ta sha ba ce, Baffa. Guba ma aka zuba mata don kada a sha. Mota nake ba wa."

"Mota," in ji shi. "To, Malamin boko. Ranar da motar ta sha a gabana, sai in ci tuwonka."

Matsalar ita ce a lokacin motar ba ta yarda ta sha ba. Gaurayen farko da muka zuba, kashi ɗaya sifirit kashi huɗu fetur, ta tashi, ta yi atishawa ta baya, ta mutu. Bakanike ya ce yunwa take ji: sifirit bai kai fetur ƙoshi ba, dole a faɗaɗa ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto, wato inda mai ke gauraya da iska. Ba mu da abin huda mai ƙanƙantar haka. Na je wurin masu ɗinkin hula na zo da allurai kala shida. Kowace yamma sai mu ƙara wa ramin faɗin gashi guda, mu zaga, mu dawo mu kwance fulogi mu duba. In ya yi fari fat, yunwa. In ya yi baƙi, ta ƙoshi har ta wuce. Launin ƙuli-ƙuli muke nema.

"Malam, kai da littafi, ni da kunne," bakanike yake cewa, yana juya abin raba wuta kaɗan-kaɗan don tartsatsin ya riƙa zuwa da wuri. "Littafinka ya taɓa jin injin na kuka?"

"Kunnenka ya taɓa jin sunan abin da ke sa shi kukan?"

"Sunan ba ya gyara shi, ranka ya daɗe."

Sati biyu muna haka, akushi na tafiya yana dawowa. Muna ganin mun gama, sai wata safiya mai ya riƙa tsiyaya daga kafireto kamar randa ta fashe. Muka buɗe. A ciki akwai wani ɗan abu mai iyo a kan mai, shi ke rufe hanya in wurin ya cika. Da irin itacen toshiyar kwalba aka yi shi, aka shafe da ƙaro. Sifirit ya narkar da ƙaron, abin ya jiƙe ya nutse. Littafin bai ambaci wannan ba. Na lura marubuta kan tsallake wurin da suka sha wuya.

Bakanike ya ce sai an aiko da sabo daga Ikko, wata biyu. Ba ni da wata biyu. Na naɗe abin a hankici na kai wa wani maƙerin fari a Dala, mai yi wa mata warwaro da zobba. Ya juya shi a tafin hannu, ya tambaye ni aikinsa.

"Iyo kawai yake yi."

"Shi ke nan? Turawa suka haye teku da wannan?"

Kwana uku ya ƙera mini irinsa da tagulla, fanko, mara nauyi kamar ɓawon ƙwai, ya liƙe bakin ba ko alamar ɗinki. Muka jefa shi a kofin sifirit ya kwana, da safe yana sama. Ban taɓa jin girman garinmu ya cika mini ƙirji kamar wannan safiya ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na ɗauko Baffa. Ya tattara babbar rigarsa ya shiga, ya riƙe ƙofa da hannu biyu. Na tsara gwajin yadda nake tsara wa 'yan aji. Da farko fetur zalla, kaɗan a tanki: muka kama hawa, tsakuwa ta fara kaɗawa a gwangwani.

"Ka ji ko, Baffa?" Na sunkuya kusa da shi ina ɗaga murya saboda iska.

Ya gyaɗa kai.

Muka sauko. Na buɗe gwangwanin a gabansa, na auna, na zuba, bakanike, da ke jiranmu a ƙasan tudun, ya mayar da abin raba wuta inda muka yi masa alama. Muka sake hawa. Zugazugin ya ɗauki wani siririn fito, motar ta miƙe kamar an sake ta daga turke, ba tsakuwa, ba tari. Na sake sunkuyawa na yi masa cikakken bayani, yadda sifirit ke sanyaya iskar da aka matse, yadda yake hana mai kamawa kafin lokacinsa. Ya matso da fuskarsa dab da tawa yana saurare. A shekara talatin da na yi ina koyarwa ban sami ɗalibi mai natsuwarsa ba.

Da muka tsaya ya ce, "Na gamsu."

Da magariba akushi ya dawo wayam, har an sa yatsa an suɗe gefe.

Bayan shekaru, yana kwance ba lafiya, na tuna masa ranar, na tambaye shi wanne ya fi gamsar da shi, ɗaukewar ƙarar ko bayanin.

"Wace ƙara?" in ji shi. "Ni ban ji komai ba sai iska. Bakinka nake sansanawa."