Goggo Mai Taga da Sunayen Bayan Firam

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin aikinta da ke ƙasan gidan baje kolin zane-zane. Ta rataye mayafi a ƙusa, ta wasa wuƙar yankan kwali, sannan ta kifa zanen farko a kan tebur. E, kifa shi take yi. Mu gaban zane muke kallo, ita kuwa shekara talatin da ɗaya bayansa take karantawa. Aikinta sa firam, ma'aikata suna ce mata Goggo Mai Taga, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Tun da takardar ritayar ta iso hankalinta bai kwanta ba, abinci ma sai an matsa mata.

Ga asalin laƙabin. Yawancin tsofaffin zanen gidan daga shagunan iyali suka fito, inda mata kan yi aikin amma a sa sunan maigida a gaba, wai mai saye ba ya ganin aikin mace da gashi a ka. Sai baiwar Allah ta lallaɓa ta rubuta nata da fensir a baya, mitsi-mitsi, can a kusurwa. Mai sa firam kuwa ya zo ya rufe bayan da kwali ruf. Goggo ta ce ba da ita ba. Duk inda ta ga suna sai ta yanka 'yar taga a kwalin, faɗin yatsa uku, ta rufe da siririn gilashi. Mai gadi yakan tsokane ta, wai kyankyasai take yi wa hanyar shan iska, ta ce to ya kawo nasa kan ta yanka masa ɗaya, ko hankali ya shiga.

Masu shara har yau suna ba da labarin wata tsohuwa da ta zo da sanda, ta tsaya gaban zanen wata mace tana yi wa jaririya wanka. Sunan mahaifin tsohuwar ne a ɗan allon bayanin da ke bango kusa da zanen, amma ta rantse Baba ko yatsa bai iya zanawa ba. Aka kira Goggo, ta sauke zanen ta juya mata shi. Tsohuwar ta daɗe tana leƙa tagar, sannan ta zauna daɓas a ƙasa.

"Rubutun Innata ne," in ji ta. "Ni ce jaririyar nan."

To, ga abin da ke hana Goggo sakat. Danshi ya shiga sito, sabon shugaban gidan ya ba wani kamfani kwangilar manne wa kowane zane farantin roba a baya, da gam ɗin da in ya kama ba ya sakewa. Taga ba ta cikin tsarinsu. Sau uku tana hawa ofishinsa da gwiwarta mai ciwo, tana roƙo a kwafe sunayen matan a kan allon bango tukuna. Ya ce sai kwamiti ya zauna, kuma rubutun fensir ba hujja ba ce. Haba, ranka ya daɗe! Sunan da maigida ya shafa da fenti a kan aikin matarsa shi ne hujja?

Zane goma sha huɗu suka rage a sito waɗanda ba ta buɗe bayansu ba. Tsufa ya rage wa hannunta ƙarfi, tana tsoron wuƙa ta zame ta yaga zane, don haka ɗaya kawai take iyawa a wuni, kwana tara kuma suka rage mata. 'Yarta ta ce ta hutar da kanta, ai ba ita ta haifi matan nan ba. Goggo ta dube ta.

"Ba ni na haife su ba, amma in na tafi babu mai juya su."

Ke ce mai haƙurin da ba a buga wa tafi, Goggo. Ke ce kika tsaya wa matan da ba ki taɓa gani ba, ba dangin iya ba na baba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara wa hannun nan ƙarfi. Amma wallahi godiya ba ta hana gam kamawa.

Ku da kuke karantawa, ku je kafin wata ya ƙare. Ku tsaya gaban zane ku ce a juya muku shi, ku kwafe sunan da kuka gani, ku je ofis ku tambayi dalilin da ya sa ba ya bango. Motar kamfanin ta riga ta sauke farantan roba a tsakar gidan. Jiya da safe Goggo ta raɓa ta gefensu ba ta kalle su ba, ta sauka ƙasa ta kifa zane na gaba.