Gawayin Mangwaron Rozlen

Duk wanda ya saba hawa tsaunukan bayan garin Gonayiv a shekarun baya ya san Merilyen Dorseli, ko bai riƙe sunan ba, ya riƙe hannun. Tafin hannunsa baƙi ne ƙirin, irin baƙin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Ranar Lahadi in ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, matarsa Jezila ce ke ɓalla masa maɓallai, don in ya taɓa da kansa sai an sake wanki.

Ƙona gawayi gadonsa ne. Ubansa ya bar masa gangaren dutse guda a ƙauyen Tet Sous, cike da bayawon, itacen nan mai ƙaya da fari ba ya kashewa. Ya kuma bar masa doka ɗaya: a sara daga saman gwiwa, a ƙyale kututture. In an ƙyale shi zai yi toho, kafin mutum ya zagaye gangaren ya dawo inda ya fara, rassa sun sake kauri. A haka Merilyen ya yi ƙuruciyarsa har furfura ta fito. Zai jera itace, ya lulluɓe da ɗanyen ganye, ya bi da ƙasa, ya cinna wuta ta gindi, sannan ya tare a wurin kwana da kwanaki yana toshe duk inda hayaƙi ya ɓalle. Jezila kuma ta ɗora buhuna a jaki ta gangara kasuwa, ta dawo da barzajjiyar masara da wake da ɗan busasshen kifi. Ba su yi arziki ba, amma tukunya ba ta kwana a kife.

'Ya'ya uku suka haifa, ɗaya ce ta tsaya, Rozlen. Ranar da cibiyarta ta faɗi, Merilyen ya haƙa rami a ƙofar gida ya binne cibiyar tare da ƙwallon mangwaro, kamar yadda kowa ke yi. Yarinya da bishiya suka tashi tare. Da Rozlen ta isa, sai ta tafi birnin Okap can arewa, ta samu aiki a wata maƙera inda ake yin murhu mai yumɓu a ciki, wanda ke dafa tukunya da rabin gawayin da aka saba zubawa.

Maƙwabcinsu Fenelon, wanda ya riƙe Rozlen ranar baftisma, shi ya sa shi da Merilyen suke kiran juna kompe, kamar yadda uba da uban baftisma ke yi, ya samu abin tsokana.

"Kompe, ka ga ikon Allah? Ka haifi wadda za ta kashe maka kasuwa da hannunta."

Merilyen ya ce, "Ta kashe mana. Dutse ya huta, gadon bayana ma ya huta."

A lokacin kasuwar gawayi ta ɗan yi sanyi, don masu hali a birni sun koma girki da tukunyar gas. Ba a daɗe ba abin ya juye. Masu bindiga suka tare hanyar tashar jiragen ruwa, mai ya ɗauke, gas ya ɗauke. Gidajen burodi, masu guga, masu sayar da abinci a bakin titi, har matan manya da suka manta yadda ake hura wuta, kowa ya dawo kan gawayi. Manyan motoci suka fara zuwa har gindin dutse. Mutanen da suka gudo daga birni ba su da gona ba su da sana'a, sai adda da diga, suka bazu a tsaunuka. Su ba ruwansu da saman gwiwa. Suka sare itace, suka tono kututture, suka bi saiwa har inda ta ƙare.

Fenelon ma ya bi sahu. Wata rana ya tarar da Merilyen tsaye a kan kututturansa, ya ce, "Kompe, waɗannan da kake gadi, ranar auren wa za ka ci su? In ba ka tone ba wani zai tone."

"Nawa ne, ba na wani ba. Badi za su yi toho."

"Badi! Kai ka ga badi a ina?"

A wannan tsakanin ne tarin Jezila ya tsananta. Ta daɗe da shi, tun tana budurwa take shaƙar hayaƙin murhu da ƙurar buhu, amma yanzu in ta hau daga rafi da tulu sai ta zauna a hanya tana haki. Aka sayar da jaki aka sayi magani, bai yi ba. Da leɓɓanta suka fara canza launi, Merilyen ya cire ƙyauren ɗaki, shi da Fenelon da wasu maza biyu suka ɗora ta a kai suka gangara da ita ƙaramin asibitin coci da ke gindin dutse.

Nas ɗin wurin, wata mata mai suna Klodet, ta saurari ƙirjinta, sannan ta ja Merilyen gefe ta nuna masa wata na'ura a lungu an rufe ta da zane.

"Baba, ga abin da take buƙata. Wannan zai taimaka mata ta ja numfashi har maganin ya kama. Amma ba wuta."

Merilyen ya nuna sama. "Waɗancan gilasan da ke kan rufi fa? Ba rana suke sha ba?"

"Suna sha. Batiran ne suka mutu tun bara, mun yi ta aike ba a kawo ba. Da tsakar rana gilasan kan ɗan motsa na'urar, rana na karkatawa shi ke nan. Janareta kuma yana nan lafiyarsa ƙalau, dizal ne babu. In ka samo, ko kaɗan ne, kawo."

Ya nemi a kira Rozlen, aka ce waya ba ta shiga, don turakun waya ma da mai suke aiki. Ya bi bakin hanya yana tambaya har ya dace da wani direban motar gawayi da ke kwance a inuwar motarsa. Direban ya saurare shi, ya ce, "Tsoho, kuɗi ba ya min amfani yanzu. Ka kawo min gawayi mai kauri, irin na masu burodi, in zuƙo maka daga tankina. Amma ba zan shekara a nan ba."

Merilyen ya hau dutse da sauri kamar saurayi. Da ya iso gangarensa sai ya tsaya cak. A 'yan kwanakin da ya yi a asibiti an bi kututturan an tone su tas. Ramuka ne kawai jere, da jar ƙasa a baje. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya juya gida, kuma tun daga nesa abu ɗaya ne kore a duk faɗin wurin: mangwaron ƙofar gidansa.

Fenelon ya ji sara ya fito da gudu. "Kompe! Kompe, ka haukace? Bishiyar yarinyar ce!"

Merilyen bai ɗago ba. "Uwar yarinyar ce a kwance. Ko ka kama min, ko ka matsa."

Fenelon ya koma ya ɗauko gatarinsa. Mangwaron yana cike da 'ya'ya ɗanyu, da ya faɗi suka watse har cikin ɗaki.

Ɗanyen itace ba ya son gaggawa, Merilyen ya fi kowa sani. Ya jera, ya rufe, ya cinna, hayaƙi ya yi ta fita fari fat mai nauyin ruwa. Kullum da safe Fenelon ya gangara ya dubo Jezila ya dawo, kullum labarin ya fi na jiya muni. Ranar da ya dawo ya ce ta daina gane mutane, direban kuma ya fara ɗaure kaya, Merilyen ya dubi hayaƙin. Bai koma shuɗi ba. Da sauran lokaci. Ya ɗauki fartanya.

Fenelon ya ce, "Bai nuna ba, kompe."

"Na sani."

Yana yaye ƙasar iska ta samu ƙofa. Wuta ta tashi lokaci guda, ta lashe masa gira da gashin hannu. Suka yi ta watsa ƙasa da hannuwa suna ihu, amma kafin su ci ƙarfinta rabi ya zama toka, rabi kuma itace ne da ya yi baƙi a waje, cikinsa ɗanye. Abin da suka tsinto mai kyau bai cika buhu ba.

Direban ya zazzage, ya tsitstsinta, ya taɓe baki. Da ya dubi fuskar tsohon sai ya fasa abin da zai faɗa, ya sa tiyo a tanki ya cika masa 'yar jarka.

Klodet na tsaye a ƙofar asibiti lokacin da ya iso. Ta dubi jarkar, ta dube shi.

"Baba, sai haƙuri. Tun da hantsi ta cika."

Ya tsaya riƙe da jarkar. Can ta sake magana, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai wata da ta haihu jiya, jaririn ba ya numfashi sosai. In ka yarda…"

Ya ajiye jarkar a ƙasa ya shiga wurin matarsa.

Rozlen ba ta samu jana'iza ba. Labari ya kai mata a bakin matafiya, ta taho rabi a babur rabi a ƙafa, ɗauke da murhu ɗaya da ta daɗe tana tanadi za ta kawo wa uwarta. Ta ajiye shi a tsakar gida, idonta ya sauka a kan kututturen mangwaron. Merilyen yana zaune a kansa, fuskarsa duk ƙuna.

Ya ce, "Ni na sare."

"Baba Fenelon ya faɗa min."

"Kuma bai yi amfani ba."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ta ce, "Ka ci abinci yau?" Ya girgiza kai. Ta tashi ta hura wuta a sabon murhun da 'yan gutsattsarin da ta tsinta, ta dama masara. Ya kalli yadda ɗan gawayi cikin tafi ya tafasa tukunya, ya kawar da kai.

Ta roƙe shi ya bi ta Okap, ya ƙi. Ya ce zai shuka wake a gangaren, zai kuma nemi irin bayawon ya zuba. Ya yi hakan. Damina ta zo da ƙarfi, kuma babu saiwa ko ɗaya da za ta riƙe ƙasar. Wata Asabar da rana tsaka, yana tsaye a ƙofar ɗaki yana kallo, gangaren ya sulale gaba ɗaya da wakensa da irinsa, ya bi kwazazzabo, ya tafi da garken awakin Fenelon da gidaje biyu na baƙin da suka yi bukka a ƙasa. An tono mutane daga cikin laka, wasu ba a same su ba. Abin da ya rage na gadon Merilyen farin dutse ne tsirara. Da rani ya shigo, idon ruwan ƙauyen ya ƙafe.

Fenelon ya tattara iyalinsa ya nufi bakin iyaka neman aikin rake. Ranar tafiya ya zo sallama, ya kasa haɗa ido.

"Kompe, kututturan nan naka…"

Merilyen ya ce, "Bar shi. Ka gai da hanya."

Daga baya an kawo wa asibitin sababbin batira, fitilunsa suka riƙa ci da hasken rana, mata suka riƙa kai wayoyinsu caji. Merilyen yakan wuce ta wurin da ɗan ƙunshin saiwoyin da ya tsinto a kwazazzabo, ba ya tsayawa. Da ƙarfi ya ƙare, Rozlen ta zo ta tafi da shi, wannan karon bai yi musu ba. A maƙerar suka ba shi aikin cuɗa yumɓu, yana yi yana tari, ba ya shiga hirar kowa.

Bai cika shekara biyu a Okap ba ya rasu. Da aka je wurin kafinta, ya ce katakon ƙasar nan ya daɗe bai sa shi a ido ba. Da allunan da ake shimfiɗa wa kayan jirgin ruwa aka harhaɗa masa akwati, da rubutun wata ƙasa a gefe, wanda babu wanda ya iya karantawa a cikin masu ɗaukar gawar.