Kosara, Wadda Ta Fitar Da Mu Daga Rijiya Da Rawa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta Novi Sad da safe ya san Teta Kosara, wato Gwaggo Kosara, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai gajeriyar furfura, da takalman sojoji, da kwat ɗin maza da ya yi mata yawa. Takan sayi burek ɗinta, gasasshen fulawa mai cuku a ciki, da kofin kindirmo, ta zauna a kan akwatin da Desanka mai kabeji ke ajiye mata, tana ci tana kallon mutane: yadda tsoho yake goge tabarau kafin ya taya kaya, yadda mace take juya baya idan ta hango surukarta.

"Teta, yau wa za ki sace?" in ji Desanka.

"Ke. Wannan tafiyar agwagwar taki na daɗe ina haƙonta."

"Sace mana. Amma in mijina ya gane ni a wasanki, ke za ki riƙa dafa masa abinci."

Daga kasuwa sai Rijiya. Haka muke kiran kulob ɗinmu, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a gindin wani tsohon bene, inda a da ake tara gawayi. Ita take share dandamali da hannunta, ta jera kujeru, sannan ta shiga faɗa da Cika Sreten, wato Kawu Sreten mai fitilu, dattijon da ya haska fuskarta tun tana budurwa kuma har yau bai yarda ta san inda ya kamata ta tsaya ba. Ni kuwa sunana Dragutin, ita take ce mini Guta. Ni ne mai ganga. Na fi shekara talatin ina zaune a bayanta, don haka na fi kowa sanin ƙeyarta, kuma abin da zan faɗa a nan yawancinsa da idona na gani.

A masaƙa ta fara aiki. Ta je neman shiga makarantar wasan kwaikwayo, aka dube ta aka ce tsawonta ya yi yawa, muryarta kuma kamar ta direban babbar mota. Ba ta koma ba. Ta gangaro Rijiya, inda a lokacin samari masu dogon gashi ke buga kiɗan da rediyo ba ya sakawa, ta roƙi a ba ta dandamali tsakanin makaɗa da makaɗa. Ta fito sanye da rigar amarya, da buhun albasa da wuƙa. Ta zauna tana yanka tana rera waƙar reno. Da farko aka yi ta ihu ana jifanta da murafen kwalba. Can sai albasa ta cika ɗakin, idanu suka fara zuba, mutane suna dariyar kansu. Ita dai ba ta ɗago ba. Kafin buhun ya ƙare, dariya ta ɗauke, hawayen bai tsaya ba. Wani ƙato da na sani, mai yawan faɗa, ya fita waje ya kira mahaifiyarsa a wayar kan titi.

Masu fim sun same ta daga baya, amma ba su san abin da za su yi da ita ba. Ta fito a maƙwabciya mai leƙen taga, ta fito a mai goge asibiti, ta fito a matar da ke ɓata rai a bas. Ana gane fuskarta a titi a ce, "Ba ke ce ta cikin wancan abin ba?" Sai ta ce, "Ni ce, kuma ban ji daɗinsa ba ni ma." Da an gama ɗauka take kama jirgin ƙasa ta dawo Rijiya.

A bazarar da aka yi ta jefa mana bama-bamai, gadojin garin suka zube cikin kogi, Rijiya ta zama maɓoyar unguwa. Cikin waɗanda suka sauko da katifa har da Uwargida Yulishka ta hawa na biyu, wadda ta shafe shekaru tana kai ƙararmu don a rufe wurin. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Kosara ta karɓi katifar ta shimfiɗa mata a kan dandamali, inda ya fi bushewa. Bayan kwana biyu ta tashi a gaban kowa ta kwaikwayi yadda Yulishka take buga ƙasa da sandar tsintsiya tana zaginmu da harsuna biyu. Muka zuba wa Yulishka ido. Tsohuwar ta yi dariya har haƙoran robarta suka faɗo a cinyarta, ta ce, "Ba haka nake riƙe tsintsiyar ba, 'yar banza, kawo in nuna miki."

Ke ce wannan, Kosara. Ba ki taɓa kwaikwayon mutum don ki ƙasƙanta shi ba. Kina ɗaukar mutum ki nuna masa kansa, ya tafi gida yana jin ashe ana ganinsa.

To, ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar wata Lahadi ce a hunturun da ya wuce, wasan yamma, dusar ƙanƙara ta sauka tun safe. Rijiya ta cika maƙil, har da masu zama a ƙasa. Kosara tana wasanta na gwauruwar da ke hira da kwat ɗin marigayin mijinta. Akwai wata gaɓa da take shinshina aljihun kwat ɗin ta ce, "Ko a lahira ma ba ka daina shan taba ba?" Ba a taɓa kaiwa nan ɗakin bai fashe da dariya ba. Ranar sai ƴan tsiraru suka murmusa. Na ga ƙeyarta ta tsaya cak. Ta dubi layin gaba: wata mata ta jingina kai a kafaɗar mijinta, shi kuma yana murza goshi. Wani saurayi yana hamma kamar bai yi barci ba tun jiya.

Ta zagayo da kwat ɗin a hannu kamar cikin wasa ne, ta sunkuyo kusa da ni.

"Guta, kanka na ciwo?"

"Kamar ana sara da gatari."

"Nawa ma. Iskar ɗakin nan ta ɓaci. Buga kolo, kiɗan rawar biki, kada ka tsaya ko me ka gani."

Daga baya ƴan kwana-kwana suka tabbatar: bututun hayaƙin tukunyar da ke ɗumama benen ne ya toshe, gubar da ba ta da wari ba ta da launi take ta kwararowa cikin ɗakin. Kosara ta san alamarta tun tana yarinya a ƙauye, inda murhu ya taɓa kashe maƙwabtansu suna barci. Ta kuma san wani abu da ni tsoro bai bar ni na tuna ba. Hanyar fita daga Rijiya ɗaya ce, matattakala mai tsayi da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, ƙofarta kuma ciki take buɗewa. Da ta ce "guba", da a kan matattakalar nan za mu tattake juna.

Sai ta yi jifa da kwat ɗin, ta buɗe wannan murya tata.

"To, ya mutu ya huta, ni ma na huta! Yau zan sake aure! Kowa ya tashi ya raka amarya, wanda duk ya rage a kujera shi ne angon!"

Na saki kiɗa. Ku kun san mutanenmu, ko a makabarta aka buga kolo sai ƙafa ta motsa. Ta fizgo hannun matar nan mai gyangyaɗi, matar ta kamo mijinta, mijin ya kamo na kusa da shi. Layi ya miƙe, hannu cikin hannu, ɗaya bayan ɗaya, ta ja su ta zagaya ɗakin don ta kwashe na lungu, sannan ta nufi matattakala tana guɗa. A sama ta buɗe ƙofar ta danne ta da bayanta, tana cafke duk wanda ya iso tana tura shi titi.

"Kada a saki hannu! Wanda ya saki hannu ya saki aurena!"

Wani mutum ya turje. "Teta, kwat ɗina yana ciki!"

"Bar shi, ango zai ɗinka maka sabo. Wuce!"

Waɗanda ƙafarsu ta fara saki, hannun na gaba da na baya ne ya ɗauke su, su kansu ba su sani ba. Ni na fito ƙarshe, ina bugawa ina ganin bango yana juyawa. Sai da kowa ya tsaya a cikin dusar ƙanƙara, ana tafi ana dariya ana rawar sanyi, sannan ta ɗaga hannu ta faɗi gaskiya, ta ce a kira motar asibiti, kada kowa ya koma. Nan take wasu suka durƙusa suna amai. Ni ma gwiwata ta kai ƙasa. Na ji muryarta a saman kaina tana cewa, "Ina Sreten?"

Ɗan akurkin da yake zama da fitilunsa yana bayan dandamali, jikin bangon tukunyar. Kafin in ɗago kai, ta ɓace.

Wasu ƙarti biyu daga cikin ƴan kallo, masu tseren kwale-kwale, suka ja numfashi suka afka, ni na riƙe musu ƙofa. A gindin matattakala suka same su. Ta fizge baƙin labulen dandamali, ta mirgina Sreten a kai, ta ja shi tun daga bayan ɗakin har nan, sannan ta faɗi a kansa. Mace mai shekara kusan saba'in. Labulen yana naɗe a hannunta, sai da aka yanke shi.

Duk wanda ya shiga Rijiya ranar ya rayu. Sreten ya farfaɗo tun a mota, yana tambayar wa ya kashe masa fitilu. Ita ce ba ta farka ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Likitar, wata yarinya mai magana a hankali, ta zaunar da mu ta ce zuciyar ta wahala, kuma irin wannan guba takan taɓa ƙwaƙwalwa. Ko ta farka, mai yiwuwa ba za ta san mu ba. Sreten ya ƙi komawa gida. Ya zauna a bakin gadonta da rigar asibiti, ba ya cin abin da Desanka ke kawowa, yana ta cewa, "Ni tsoho ne, me za ta yi da ni? Wa ya aike ta?"

Wata safiya ina tsaye a taga sai na ji ya ja numfashi. Na juyo. Idonta a buɗe. Ta dube ni, ta dube shi, fuskar nan babu komai a cikinta. Sreten ya matso.

"Kosara. Kin gane ni?"

Shiru. Ta ci gaba da kallonsa kamar baƙo. Shirun ya yi tsawo har na fara neman ƙofa da ido don in kira likita.

"Wa zai manta wannan hancin?" ta ce, muryar a dushe. "Sreten, nauyinka kamar mataccen doki. Ka rage kitse, ba kullum zan samu labule ba."

Dattijon ya kifa kai a kan bargonta ya fashe da kuka kamar yaro. Ni kuwa ina dariya ina kuka. Can na ce, "Don Allah, shirun nan da gangan kika yi?"

"Rabi da rabi," ta ce. "Na gane ku tun farko. Amma ɗaki ya yi tsit, ido huɗu a kaina, ka ce in bar shi ya wuce?"

A nan na san ta dawo dukanta.

Ba za ta ƙara hawa dandamalin Rijiya ba. Zuciyar ba za ta ɗauki matattakala ba, hannun hagunta kuma yana rawa. Ita da kanta ta sanar, ba ta bari an yi mata taro ba. Abin da ta nema ɗaya ne: kada a sake buɗe wurin sai an fasa ƙofa ta biyu, an kuma saka na'urar da ke ƙara idan iska ta gurɓace. Ta sa aka kai mata kujera bakin titi, ta zauna cikin bargo tana yi wa magina tsiya har suka gama. An buɗe a watan jiya. Wata yarinya da ta koya a hannunta ce ta fara hawa, Sreten yana haska ta yana gunaguni.

Na gode, Kosara, uwar Rijiya. Na gode a madadin matar nan ta layin gaba, wadda ashe tana da ciki a lokacin, ta kuma sauka lafiya. Na gode a madadin Sreten, wanda ba zai iya faɗa miki ba sai dai ya ce kin cika taurin kai. Na gode don kaina, da nake zaune yau ina jin ƙarar jikokina a tsakar gida.

Ku kuma masu tasowa, masu son dandamali, ku koyi abin da ta yi. Ba tafi take saurare ba, mutanen da ke gabanta take kallo, ɗaya bayan ɗaya, tsawon rayuwarta. Shi ya sa ranar da fuskokinsu suka canza ta gani. Duk aikin da kuke yi, ku ɗago kai ku dubi waɗanda kuke yi dominsu.

Sauranmu kuwa, kada mu jira sai an rubuta sunanta a dutse. Tana nan da ranta a gidanta, hawan ƙasa, kunnenta ras, tana jin ƙwanƙwasa ƙofa. Ku je ku gaishe ta. Kada dai ku kai furanni, ta riga ta kori mutum biyu da su, ta ce ba ta mutu ba. Ku tafi da gahawa da gulma mai zafi, ku zauna inda za ta gan ku da kyau.