Allon da Yake Ɗaukewa Bayan Azahar

Na sha wuya da kwamfutar nan. Shekara ashirin da biyu ina tuƙin mota tsakanin Kano da garuruwan gabas. Na canza taya cikin ruwan sama, na ja mota da igiya, na toshe lagireto da garin taba har na kai fasinja gida, amma duk ba su cinye min rai kamar yadda akwatin nan ya yi cikin sati shida ba.

Ciwon baya ne ya sauke ni daga mota. Gidanmu na gado a Gyaɗi-Gyaɗi yana da shago ɗaya a bakin titi, ɗan ƙarami, taku huɗu a uku. Mu biyu muka gaji gidan, ni da yayana. Shi ya yi boko har ya yi ritaya daga ofis, ni kuwa a aji huɗu na firamare na ajiye allo na bi mota. Da na sayar da motata sai na sayi kwamfuta ta hannu da firinta da injin fotokwafi, domin unguwarmu cike take da ɗaliban jinya da ma'aikatan asibitin koyarwa, kuma waɗannan mutane ba sa rabuwa da takarda.

Yaya bai so ba. Akwai wani mai kyamis da ya daɗe yana bin sa a ba shi hayar shagon. Ranar da na kawo kayan, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya, ya ce, “Na ba ka wata shida. In abin bai tsaya da ƙafarsa ba, mai kyamis zai shigo. Ba na son mu yi dogon zance a lokacin.”

Na ce na ji.

Ban iya buga rubutu ba, kuma ban taɓa cewa na iya ba. Hanya na haddace, kamar yadda na haddace kowane kwana da kowane rami daga nan zuwa Potiskum. A sa filashi, a danna nan, a gangara, a zaɓi takardar, a danna mai hoton firinta. In abu ya wuce haka, mai takardar ya zauna ya yi da kansa. Ɗalibai mata ne suka fi zuwa, tsakanin darasin safe da na yamma. Wata rana babbarsu, matar aure mai karatun ungozoma, ta ce min, “Baba, masallacin bakin titi ba wajen mata, masaukinmu kuma da nisa. In ka tafi salla ko za mu yi tamu a nan?” Na sayo tabarma biyu da buta. Daga ranar, da an kira azahar sai in saki labule in bar musu shagon. In na dawo sai in yi sallama daga waje, in tsaya sai sun ce in shigo.

A wata na huɗu allon ya fara iskancinsa. Ana cikin aiki sai ya ɗauke, ya yi baƙi ƙirin. Akwatin kuwa yana ta hurawa, fitilarsa a kunne, kamar injin mota yana aiki amma fitilun gaba sun mutu. Wani ɗan rubutun Turanci ya fito yana yawo a cikin baƙin. Wata ɗaliba ta karanta min, ta ce wai allon yana cewa saƙo ba ya iso masa. Wani lokaci ya dawo da kansa kafin ka gama tsaki, wani lokaci sai an kashe an kunna sau uku, ga mutane a tsaye da filashi a hannu suna duba agogo.

Na fara zargin wuta, na sayo sitabilaiza. Bai daina ba. Na ce to zafi ne, tunda da safe lafiya lau yake, sai rana ta take. Na ɗauko fankar ɗakina na kafa masa, ni ina zufa shi yana shan iska. Bai daina ba. Na kwance murfin akwatin na hure ƙura da famfon keke, na mayar. Kwana ɗaya ya yi lafiya, na biyu ya koma.

Sai na kai wa mai gyara a Tarauni. Kafin in tafi na fara nannaɗe wayoyin, da na kira shi sai ya ce min, “Baba, bar wayoyi, ina da su birjik. Akwati da allo kawai.” Na rungume su a adaidaita sahu, kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana. Ya jona da nasa wayoyin, ya bar ta a kunne tun hantsi har la'asar, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

“Ga ta nan garau. Ko dai kai take jin tsoro?”

“Injiniya, ni mota na sani. Motar da ta ƙi tashi a gida ta tashi a gareji ba warkewa ta yi ba, kunyar makanike ta ji.”

Ya yi dariya ya ce in mayar da ita. Na mayar, ta ɗauke. Na sake kai masa, ya ciro wasu 'yan faifai dogaye daga cikinta ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya ce shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. A zuwa na uku ya ce ƙila wayar allon ce, mai shuɗin kai, wadda ke fita daga bayan akwatin. Na sayi sabuwa. Kwana tara ina murna, har na gaya wa matata ta daina yi min sannu. A na goma ya ɗauke.

Maƙwabta kowa da nasa. Mai shayi ya ce baki ne, mai faci ya ce shagon dama an san da mutanen ɓoye a cikinsa. Na yi tofi na yi turare, ba abin da ya rage ni da shi. Amma na ce wa mai faci, aljanin da ba ya zuwa sai da rana, kuma in na tuna daidai ba ya zuwa Asabar da Lahadi, wannan ma'aikacin gwamnati ne. Da wasa na faɗa, sai maganar ta tsaya min a rai.

Ranar wata Litinin Yaya ya shigo a yi masa kwafin takardun fansho. Wata yarinya tana zaune tana gyara aikin da za ta miƙa ƙarfe uku, allon ya ɗauke a gabansa. Yarinyar ta dafe kai. Na kashe, na kunna, na jijjiga waya, na buga gefen allon da tafin hannu. Yaya yana kallo.

“Kai, wannan ba sitiyari ba ne da za ka murɗa da ƙarfi. Abu ne na masu karatu. Tun farko na gaya maka.”

“Mai gyaran ma ya yi karatu, Yaya, sau uku ya duba.”

“A gunsa ai tana aiki. A gunka take mutuwa. Me ka gane daga nan?” Ya tattara takardunsa. “Ranar Asabar zan kawo mai kyamis ya auna wurin.”

Yarinyar ta zare filashinta ta tafi wani shago. Wannan ya fi maganar Yaya yi min zafi.

Na zauna na ce da kaina, to, ban yi karatu ba, amma na yi shekaru ina farautar ƙarar da ba ta fitowa sai a gargada. Makaniken kirki ba ya tambayar me ya lalace, sai ya fara tambayar yaushe take yi. Na samo alli, duk lokacin da allon ya ɗauke in ja layi a jikin ƙofa, in sa alamar sallar da ta wuce. Talata layi biyar, duka bayan azahar. Laraba shida, duka bayan azahar, biyu a cikinsu bayan la'asar. Da safe ko ɗaya babu, ko da kuwa safiyar Laraba an yi zafi kamar za a gasa mutum. Safiyar ban sha mamakinta ba sosai, don kullum in zan tashi nakan zare komai in lulluɓe da zane, da safe in mayar da kowace waya in danna ta da kyau. Ke nan wani abu ne yake sassauta ta da rana, kuma yana yi ne lokacin da ba na nan.

Ranar Alhamis ina shara, na durƙusa da ƙyar don in kai tsintsiya ƙarƙashin tebur, sai na ga sawu a siminti. Kowace ƙafar tebur ta ja layi fari, tsawon taƙi guda, daga inda take zuwa wajen bango. Direba ba ya ganin sawun taya ya tambayi ko mota ta wuce. Na leƙa baya, inda na bar fili saboda wayoyi. Fentin bangon ya kankare, har ya yi ɗan rami, daidai inda shuɗin kan wayar yake. Na taɓa wuyan wayar, ya lanƙwashe, ya yi laushi kamar tafasasshiyar taliya. Wayar da ko wata ba ta yi ba.

Da azahar na tafi salla kamar kullum. Da na dawo na yi sallama, suka ce in shigo. Tebur yana nan daidai inda na bar shi, tabarmi a nannaɗe. Na ce wa mai karatun ungozoma, “'Yata, zan tambaye ki abu, kuma ba faɗa ba ne. Kuna tura teburin nan?”

Ta kalli 'yan uwanta, ta sunkuyar da kai.

“Baba, a da ɗaya bayan ɗaya muke yi, a can gefe. Da jarrabawa ta matso lokaci ya yi mana kaɗan, sai muka koma bibbiyu. Ta biyun in ta yi sujada kanta ƙafar tebur yake samu. Shi ne muke ɗan tura shi jikin bango, mu dawo da shi kafin ka dawo.”

“Me ya hana ku gaya min?”

“Ka ba mu wuri, ka sayo tabarma, sannan mu ce maka wurin ya yi kaɗan? Wallahi ba mu san shi ne yake taɓa allon ba.”

Wata ƙarama a bayanta ta ce, “Har ni nake cewa ku daidaita ƙafafun a kan alamar, kada Baba ya gane.” Sauran suka harare ta. Ni dariya ce ta kama ni, har bayana ya amsa. Sati shida ina jigilar ƙarfe a adaidaita sahu, alhali ni kunya ta tsayar da ni a waje, su kuma kunya ta rufe musu baki.

Asabar bayan la'asar Yaya ya zo da mai kyamis, da tef ɗin awo a hannunsa. Na ce su dakata. Na kunna kwamfutar, na danna wayar, allo ya kawo tar. Na ce Yaya ya sa hannu ya tura teburin zuwa bango. Ya yi jinkiri, sannan ya tura. Na ce ya jawo. Ya jawo. Na ɗan buga teburin da gwiwa, allon ya yi baƙi. Na nuna masa sawun a ƙasa, na nuna masa ramin bango, na gaya masa su wa suke turawa da dalilinsu.

Yaya ya kalli simintin. Sai ya ce, “To ai magana ta ƙare. Ka hana su. Shago ne, ba masallaci ba.”

“Ba zan hana su ba.”

“Su ne suka kusa raba ka da shagon.”

“Kai ne ka kusa raba ni da shi, Yaya. Su salla suka yi.”

Mai kyamis ya fara mayar da tef ɗinsa a hankali, yana kallon titi kamar an kira shi.

Yaya ya ce, “Kai dai taurin kanka ne zai kashe ka.”

“A gida na gaje shi. Wata shida ka ba ni, ba su cika ba. Kai ka yi karatu, ƙirga.”

“Za su ci gaba da shigowa, za su ci gaba da turawa, kai kuma kana masallaci. To ka ji da kyau, ga shaida. Ranar da allon nan ya sake ɗaukewa a gabana, ba sai na yi magana ba, ka kawo min makulli da hannunka.”

Na ce na yarda. Mai kyamis ya ce Allah ya daidaita tsakani, ya riga Yaya fita. Matata da ta ji ta ce na yi gangancin baki, inji ai ba ya da amana, ko ba tebur wani abin zai iya samunsa. Gaskiyarta ne. Amma da in tsaya a bakin ƙofa in ce wa matan mutane ba salla a nan, gara a karɓi shagon da dalilin da na sani.

Washegari Lahadi da sassafe na aro zarto da guduma a gun kafinta. Na sauke komai ƙasa, na fito da teburin bakin titi, na yanke taƙi guda da yatsa uku daga gabansa, na goge bakin da samfefa don kada ya kama mayafin kowa. Na buga katako biyu a bayansa, masu tokare bango, yadda ko ƙato ya tura ba zai matsa ba. Na je Tarauni na jira aka buɗe, na sayo waya ta uku, na ɗaure kusoshinta biyu da fulaya, na kama wuyanta da robar tsohon tif a jikin ƙafar tebur kamar yadda muke kama wayar batir. Sannan na shimfiɗa tabarmin biyu gefe da gefe, na hau ta kusa da tebur na gwada sujada da kaina. Goshina ya sauka a tabarma, da sauran fili kamar faɗin tafin hannu. Tashi ne ya ba ni wuya, sai da na dafa injin fotokwafi. Na kunna kwamfutar, na ɗage labule, na jawo kujera na zauna ina jiran mai takarda.